Anzar Kaka

Jikata ce ta karanto min wata kalmar Turanci wadda ko Turawan ba kasafai suke faɗinta ba. Wai ana siffanta ƙasar da tsirranta suke jefi-jefi da ita, nan ɗaya can ɗaya, kamar gashin kan jariri. Ta ce haka ƙasarmu ta Illela take. Na ce ta riƙe kalmarta, ban so. Wanda ya ƙago ta bai taɓa kwana da yunwa a nan ba.

Gonarmu ta hanyar Gidan Katta tana da anza, ɗan itacen nan mai koren ganye da ko akuya ba ta damu da shi ba. Wata bazara, lokacin sassabe, babana ya ɗaga gatari zai sare ta don tana cinye masa wurin gero. Sai ga kaka, uwarsa, tana dogara sanda, ƙasa na ƙona ƙafa. Ta zo ta zauna a gindin itacen ta miƙe ƙafafu.

"Mi kaka shirin yi?" ta ce.

"Inna, ba ta da amfani."

"To fara da ni, ni ma na tsufa."

A nan zaune ta ba mu labarin. Tana yarinya, kafin zuwan Nasara, Sarkin Musulmi ke da ƙasa, fara ta cinye gero ƙarƙaf. Uwarta ta riƙa tsinko 'ya'yan anza, ta jiƙa, ta zubar da ruwan, ta sake jiƙawa, kwana da kwanaki, har ɗacin da dafin su fita. Ƙanen kaka ya kasa jira, ya ɗiba daga ƙwaryar tun ba su yi ba. Shi aka rasa, su suka rayu.

Ban taɓa ganin babana ya ji kunya irin ta ranar ba. Ya saɓa gatarinsa ya koma bakin gona.

Yau gari ya cim ma gonar. Masu gina shaguna sun yi ta sallama a ƙofata, 'ya'yana na taya su, wai fili ne kawai yana zaman banza. Banza? Wallahi raina yana ɓaci. Na gaya musu su jira a kai ni makwancina tukuna. Kafin nan, duk mai son filin ya zo da gatarinsa, zai tarar da ni zaune.