Malam Ya'u, Mai Ɗanɗana Ruwan Fili

Na Allah ne mu, kuma wurinSa za mu koma. Da hantsin ranar Talata, 14 ga Rajab 1446, daidai da 14 ga Janairu 2025, Allah Ya karɓi ran Malam Ya'u Kadawa a gidansa da ke Waziriyya, nan Jidda, bayan jinyar ƙirji ta mako uku. An yi masa salla bayan La'asar, aka raka shi makwancinsa. Ya bar mata ɗaya, Hajiya Zinariya, da 'ya'ya uku: Mastura, Wafa' da Mus'ab.

Ni ne Jabiru Giwa, injiniyan noma, wanda wani kamfanin kula da ciyawar filayen wasa ya ɗauko daga Zariya shekara tara da suka wuce. A filin ƙwallon da aka ba ni in kula da shi na tarar da kai, Malam, leburan wani ɗan kwangila, ba iƙamar zama a ƙasar, ba kafilin da zai tsaya maka, ba sunanka a kowace takarda ta ofis. Aikin Umara ne ya kawo ka tun ina firamare, ka zauna. Kafin nan manomin rani ne kai a Kadawa, ka yi shekaru kana jan ruwa zuwa fangalin alkama da tumatir.

Waɗanda suka san ni sun san halina: ba na yarda da mutum da wuri. In an gaishe ni da fara'a, sai na tambayi kaina me ake nema. Ranar da muka fara haɗuwa na same ka a tsakiyar fili bayan sallar Asuba, ka tuɓe takalmi, kana takawa a hankali daga wannan raga zuwa waccan kamar mai neman allura. Da aka saki ruwan feshi sai ka tara hannu, ka kai baki, ka kurkure, ka tofar. Na ce a raina, wannan tsoho akwai magana a tattare da shi.

Duk da haka muka shaƙu, kuma musu ne ya haɗa mu. Ni na taɓa yin kwas na wata shida a Amurka, na zaga filayensu na besbol, wasan nan da ake dukan ƙwallo da sanda. Hotunan suna cikin wayata, kuma ina alfahari da su fiye da kima. Kullum da hutun Azahar, a inuwar ɗakin injin ruwa, sai in buɗe maka su. Ga wanda ganye ya lulluɓe katangarsa. Ga wanda ke da wata doguwar katanga koriya. Ga wanda ke bakin teku, har ƙwallo kan faɗa ruwa mutane su bi ta a kwale-kwale. Ga mai rufin da ake buɗewa da rufewa. Ni a wurina girman fili yana ga rumfarsa, da fitilunsa, da yawan kujerunsa, da allon da mutum zai ga kansa a ciki. In na zo kan Jauhara, babban filin ƙwallon nan na Jidda kuwa, sai in ce an gama magana.

Kai ba ka taɓa shiga Jauhara ba, ba ka kuma san dokar besbol ko ɗaya ba, amma hakan bai hana ka yanke hukunci ba. Sai ka karɓi wayar, ka sa yatsu biyu ka buɗa hoton, ka ture rumfa da 'yan kallo gefe, har sai ƙasa ta cika fuskar wayar. Abin da ya burge ka shi ne jar ƙasar nan da suke bari a buɗe a tsakiyar ciyawa, da mutanen da ke riƙe da tiyo suna ba ta ruwa da hannu kafin wasa. Ka ce, "Injiniya, waɗannan sun san fili. Mai ba ƙasa ruwa da hannunsa ba ta yi masa ƙarya." Mai rufin nan da nake ji da shi, kai tsaki ka yi masa, ka ce ciyawar da ba ta ga rana yadda take so ba marainiya ce. Wanda aka shimfiɗa wa ciyawar roba kuwa, cewa ka yi wannan darduma ce, a kai ta falo. Da na matsa maka ka faɗi filin da ya fi kowanne, sai ka ce wanda ɗan wasa zai faɗi a kansa ya tashi bai tsine wa kowa ba. Har yau ina zargin wani lokacin tsokanata kawai kake yi, don na sha kama ka kana murmushi a bayan kofin shayi.

Alherinka ba ya buƙatar shaidata. Lokacin da iyalina suka iso unguwarmu ta Safa, matata ba ta jin Larabci ko na sayen burodi, Hajiya Zinariya ka turo ta yi mako tana zaga kasuwa da ita. Leburori 'yan Bangaladash da 'yan Yaman duk kai suke kawo wa ƙara, kai da ba ka da muƙami. Wani fegi na rairayi a bayan layinku, inda mutanenmu ke buga ƙwallo ranar Juma'a, kai ne kake tsince masa kwalabe da ƙusoshi ba wanda ya sa ka. Kuma in liman bai zo ba a ƙaramin masallacin unguwa, kai ake turawa gaba.

Amma ban ɗauki alƙalami don in jera waɗannan kaɗai ba. Akwai maganar da na riƙe shekara uku da rabi, kuma ita ce dalilin wannan rubutu.

A zafin shekarar 2021, saura mako biyar a fara wasannin kaka, ciyawar bakin ragar kudu ta fara ja. Ka same ni da safe ka ce, "Injiniya, ruwan nan ya sauya. Akwai gishiri a bayansa." Ruwan ban filin wayit ce ke kawo shi, wato tankar ruwa, a juye a rijiyar siminti. Na shiga ofis na ɗauko takardar ɗakin gwaji, mai hatimi da sa hannu, na nuna maka cewa ruwan lafiyarsa ƙalau. Ban tsaya na duba cewa takardar ta wata biyu da suka wuce ba ce. Na ce maka harshe ba ma'auni ba ne. Ka dube ni, ka ce, "To," ka koma bakin aikinka.

Daga nan na fara lura da abubuwa. Na sa lokacin feshi a na'ura, in zo in tarar an rufe makunnin ɓangaren kudu da hannu. Na laɓe wata safiya, na gan ka durƙushe a bakin raga da 'yar wuƙa, kana yanko ƙasa kana sawa a leda, kana mayar da wani abu ramin kana dannewa da dunduniya. Na san kana da ƙungiyar da kake goyon baya, kuma na san abin da wasu ke binnewa a bakin raga a gida. Zuciyata ta ce ruwa ba ya tsami banza. Ban tambaye ka ba. Da na tambaya da ka nuna mini cewa saiwa kake dubawa, abin da kake cike ramin da shi kuma rairayi ne.

Da mudirinmu, wato manajanmu Ustaz Raed, ya kira ni yana neman dalilin mutuwar ciyawa, tsoro ya kama ni, don kwangilata ce ke kan siraɗi. Na ce masa akwai leburan da ke rufe ruwa ba da izini ba, yana kuma tona bakin raga. Ya tambaye ni me yake tonawa. Na ce, "Ban san abin da yake binnewa ba." Ban ambaci sihiri ba, kuma shekara uku da rabi ina fakewa da cewa ban ambata ba. Amma na san ƙasar da nake, na san nauyin wannan zato a cikinta, na kuma san direbobi biyu suna tsaye a bakin ƙofa suna ji. Raed mutum ne mai tausayi, bai kira hukuma ba. Ya ce kawai, "Halas, kada ya sake shigowa." Kafin Juma'a maganar ta riga ka isa Waziriyya.

Da ka tafi na buɗe ruwa yadda na'ura ta tsara. Cikin kwana goma rabin fili ya ƙone. Muka aika da sabon ruwa gwaji, sakamako ya dawo da gishirin da ya isa ya kashe dabino. Ashe mai kawo ruwan ya sauya rijiyar da yake ɗiba bai gaya wa kowa ba. Kai da kake rufe makunni, rage wa ciyawar dafi kake yi. Aka sallami mai ruwa, aka sake shimfiɗa ciyawa, aka yaba mini a ofis cewa na gano matsala. Na karɓi yabon na yi shiru.

Abin da ya fi damuna shi ne ba ka yanke ni ba. Bayan wata biyu na zo gidanka da kunya, na tarar ka koma dakon kaya a wani shagon tayal, a shekarunka. Ka shimfiɗa mini tabarma, ka ce in kawo wayar mu ga ko Amurkawa sun gina sabon fili. Muka ci gaba da musunmu duk Juma'a kamar ba abin da ya faru. Na riƙa nazarin fuskarka ina neman alamar ko ka san ni ne. Wata rana in ce ka sani, wata rana in ce da ka sani da ba ka zuba mini shayi ba. Har na taɓa zargin haƙurin naka wata hanya ce ta hukunta ni. Na lura an daina tura ka gaba a masallaci, na ga kana tsayawa a ƙarshen sahu, na kawar da kai. Sau uku ina shirya maganar tun daga Safa, in iso Waziriyya ta narke a bakina.

A rana ta biyu ta zaman makoki, bayan Magariba, muna kan kujerun da aka jera a layi, ana zagawa da gahawa. Wasu mutum biyu a bayana, waɗanda suka gama yabonka da babbar murya, suka rage sauti. Ɗaya ya ce mutumin kirki ne, sai dai abin nan da aka kama shi da shi a fili. Ɗayan ya ce Allah dai Ya yafe masa. Ban juya ba, don na san in na juya ba su zan gani ba, laifina zan gani.

Da zan tafi, Mastura, babbar 'yarka, ta aiko a tsayar da ni a bakin ƙofa. Haifaffiyar Jidda ce, Hausarta tana tafe tana tuntuɓe da Larabci. Ta ce, "Ya ammi, ina da tambaya. Mutanen da suka zo neman auren Wafa' sun ji kalam, wata magana a kan Baba, sun ja baya. Na tambaye shi yana kwance, Baba sahih ne? Ya ce mini, ki bar shi, Injiniya ya san gaskiya, zai faɗa in ya samu ƙarfi." Ta ɗago ta dube ni. "Yalla ya ammi, mene ne gaskiyar?"

Ashe ka sani, Malam. Tun ranar farko ka sani, kuma ka zauna kana jirana shekara uku da rabi, kana zuba mini shayi. Na ce wa Mastura ta ba ni kwana biyu.

To ga amsar, Mastura, kuma ina so a karanta ta a masallacin layinku bayan sallar Juma'a, a tura ta duk wani zaure na waya da mutanenmu ke ciki, daga unguwar Ruwais har Kadawa. Mahaifinku bai taɓa binne komai a filin nan ba sai rairayi. Bai san boka ba, bai san laya ba. Ya ɗanɗana ruwa ya faɗi gaskiya, ni mai takarda na ƙaryata shi, sannan na jefa masa zato don in tsira da aikina. Duk wanda ya ji wata magana a kansa, daga bakina ta samo asali, kuma ƙarya ce. Jiya na shiga ofishin Ustaz Raed na faɗa masa haka da bakina, na kuma ba shi a rubuce. Abin da kamfani zai yi da ni, ya yi. Mutanen da suka zo neman Wafa' kuma, na nemi gidansu, zan je da ƙafata.

Ban sani ba ko wannan ya isa. Ina ma zargin kaina, ko na yi magana ne yanzu don wanda zai kalle ni ido cikin ido ba ya nan. Allah ne masanin wannan. Abin da na sani shi ne ina baƙin ciki, ina jin kunya, kuma na rasa mutumin da ya fi ni sanin aikina, ya kuma fi ni zama mutum.

Ya Allah, ga bawanKa Ya'u ya zo gare Ka. Ka gafarta masa, Ka yi masa rahama, Ka yalwata kabarinsa, Ka sanyaya masa makwanci. Ka sa haƙurin da ya yi da ni ya yi nauyi a mizaninsa, Ka wanke sunansa a bakin mutane, Ka sada shi da Aljannar Firdausi. Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya Zinariya, da Mastura, da Wafa', da Mus'ab, da 'yan'uwansa na Kadawa, da dukan jama'ar Waziriyya. Allah Ya ba ku haƙurin rashinsa, Ya tsaya muku a bayansa. Malam kam na makara wajen neman gafararsa. Ku da kuke raye, ina roƙonku ku yafe mini.