Zobe a Ƙafar Shirwa

Mutanen layin masaƙa sun fi shekara ashirin suna ganin wata mata tana tafe kanta a sama, kamar wadda ta yi ajiya a cikin gajimare ta manta wurin. Takan yi tuntuɓe, takan zurma ƙafa a kwata, sau biyu tana karo da baro. A jami'a Dakta ce, masaniyar halittu, amma a layin Uwar Shirwa ake ce mata, kuma tana amsawa.

Tambaya ɗaya ta cinye mata ƙuruciya: in mutum ya sare daji ya malala siminti, ina tsuntsaye masu farauta suke nufa? Ashe da yawansu ba inda suke zuwa. Shaho ya koma kan ƙarfen wayar sadarwa, shirwa kuwa, da ba ta san kunya ba, ta gano juji da mayanka ta ce ta samu gari. Dakta ta yi ta bin su. Ta hau turaku, ta hau rufin asibiti, ta sha yakushi har ta daina ƙirga tabon hannunta. Kowane tsuntsu ta kama sai ta saka masa zobe mai manyan lambobi, kuma tana da ƙa'ida: wanda ta kama da girmansa a ƙafar dama, ɗan da ta ɗauko daga sheƙa a ƙafar hagu.

Tsuntsu na goma sha huɗu da ta kama wata ƙosasshiyar shirwa ce, mai masifar tsiya, wadda ta yi sheƙa a kan tankin ruwan masaƙar da aka rufe. Lambarta ta zama sunanta, Sha-Huɗu. Ranar da Dakta ta fara leƙa sheƙar, sai ta tarar an shimfiɗe ta da ƙyallaye, ja da fari da mai furanni, don shirwa akwai son kwalliya. Ta sauko da guda ɗaya ta yi ta bin shaguna tana tambayar inda ya fito, har ta faɗa shagon wani tela.

"Nawa ne," in ji shi. "Bayan shago nake zubarwa. Ashe ina da kwastoma a sama ban sani ba."

Da wannan maganar ya sace mata zuciya. Sun haifi 'ya'ya biyu, duk sun girma sun kama gabansu, shi kuwa har yau bai taɓa hawa ko matakala uku na tankin nan ba, wai kansa juyawa yake.

Shekaru suka yi ta wucewa a hankali. Gonakin bayan masaƙa suka zama gidaje, gidajen suka zama benaye. Kowace shekara Dakta takan kafa madubin hangen nesa mai ƙafa uku a gindin katanga, ta karanta zoben, ta rubuta 014 a littafinta. Wani lokaci takan daɗe tana kallon shirwar tana shawagi ba ta ko kaɗa fiffike, har ta ji kamar ita ce a can, tana hango rufin kwano da shanyar mutane da wata 'yar mata ƙanƙanuwa a gindin katanga ta ɗaga kai.

Sai yanar ido ta fara rufe mata gani. Ba ta gaya wa kowa ba. Shekara uku a jere tana ganin tsuntsu a bakin sheƙa, tana ganin wani abu yana ƙyalli a ƙafarsa, tana rubuta 014. Tsakani da Allah ba karantawa take yi ba, tunawa take yi. Yanzu ga ritaya ta zo, ga rahoton ƙarshe a kan tebur, kuma a shafin farko ta rubuta cewa shirwa guda ta yi shekara ashirin da huɗu a sheƙa ɗaya a tsakiyar birni. Kafin ta sa hannu sai ta san ko gaskiya ce, kuma tsoron sanin take ji.

Wata safiya ta tsaya a kan mijinta yana zura zare a allura, tashi ɗaya, ba tabarau.

"Malam, ara min idonka na awa guda."

"Dakta, in dai hawa ne, ki nemi wani mijin."

"A ƙasa za ka tsaya."

A gindin katangar ta faɗa masa komai. Ya gyara hula ya sunkuya a kan madubin, ya kanne ido ɗaya. Rana ta fara zafi. A idonta tankin ya zama wani farin abu mai lilo, da ɗigon baƙi a samansa.

"Na gan ta! Kai, wannan akwai harara."

"Wace ƙafa ce mai zoben?"

"Dama."

Ta sauke wata doguwar ajiyar zuciya. Ta buɗe littafi za ta rubuta.

"Tsaya tukuna," in ji shi, bai ɗago ba. "Damata ko damarta? Mu take fuskanta fa. In mutum ya tsaya a gabana ina auna shi, hannun rigar da ke damata ai na hagunsa ne."

Ta dakata da rubutun. Da ya yi shiru, da shi ke nan. Amma mutumin da ya shekara talatin bai taɓa juya wa kowa hannun riga ba, yau ma ba zai fara ba.

"Karanta min lambar," ta ce a hankali.

"Biyu. Sifili. Uku."

Ba ta buƙaci duba littafi ba. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce, a cikin wannan sheƙar, ta ɗago wata 'yar mitsitsiya mai farin gashi, ƙaramar cikin 'ya'yan Sha-Huɗu, wadda ta ɗauka ba za ta kai mako ba. Ta saka mata zobe a ƙafar hagu, uwar na kai mata sura a ka. Wato Sha-Huɗu ta tafi, Allah kaɗai ya san yaushe, ba sallama, ita kuma tana nan ƙasa tana gaishe da 'yar da sunan uwar. Hawaye suka zubo mata, na baƙin ciki da na kunya, da wani kuma da ya fi kama da murna.

"Akwai jan ƙyalle a bakin sheƙar," in ji shi. "Ragowar labulen falonmu ne, na rantse."

Ta yi dariya tana share fuska da bayan hannu. Ta ɗago littafin dab da hancinta, amma layukan suka narke suka haɗe.

"Malam, nuna min shekara ukun nan na ƙarshe."

Ya ɗora yatsa a kan layin farko. Ta soke 014 da hannunta. Ya matsa na biyu, ta soke. A na uku sai ya riƙe mata littafin, ta soke, ta rubuta 203 a gefe da manyan lambobi yadda ita ma za ta iya gani.