Addu'ar da Saje Mati Bai Yi Ba

Duk mai bi ta Ƙofar 'Yandaka da sassafe ya san Malam Sammani, ko da bai san sunansa ba. Shi ne dattijon nan mai babur ɗin da sai an lallashe shi yake tashi, da littafi ɗaya ɗaure da roba a baya. Shekara talatin da biyar ke nan yana fitowa daga Gobarau zuwa sakandaren da yake koyar da Hausa, kuma ƙarshen watan nan zai ajiye alli. Babur ya ci inji biyu. Littafin yana nan.

Tsohon wasan kwaikwayo ne da aka rubuta bayan Yaƙin Duniya na Biyu. A cikinsa Saje Mati ya dawo daga yaƙin Bama, ya shiga gidan Inna Mairo, ya shaida mata ɗanta Garba ya cika a hannunsa bayan ya goya shi kwana uku a daji. Gari ya ɗauki Saje gwarzo, mu ma muka ɗauke shi. Ni na fi kowa, don ni na fito a Saje muna aji huɗu, da gashin baki na gawayi. Har yau Saje ake kirana, ko da yake ban taɓa saɓa makamin da ya fi biro nauyi ba.

Ba ta hanyar arziki na san Malam ba. Shekara shida da suka wuce ina aikin duba makarantu, aka kawo ƙara cewa wani malami na koya wa yara zargin Saje Mati. Mai ƙarar, Alhaji Salihu mai atamfa a Babbar Kasuwa, ya tare ni a bakin shagonsa.

"Malam Sabi'u, mi ke nan? Ɗiyata ta dawo gida tana ce ma jarumi maƙaryaci. In ta rubuta haka a jarrabawa, kai za ka ba ta makin?"

Aka tura ni in gano. In ƙarar ta tabbata, za a cire Malam daga aji a kai shi ofis jeran fayil. Ga malami irinsa, wannan kabari ne mai fanka.

Na shiga ajin da zargi fal cikina. Na ce ko neman suna yake, ko akwai abin da yake ɗura wa yara a fakaice. Na zauna a bencin baya. Ya leƙo ni ta saman tabarau, irin kallon da mai awo ke yi wa baƙon mudu.

"Ranka ya daɗe, an ce kai ne Sajen garin nan. A taimaka mana da shafi na arba'in da ɗaya."

Na miƙe, na gyara murya. Wurin nan ko daga barci aka tashe ni zan kawo shi. "Inna, Garba, Allah ya jiƙansa, bai sha wuya ba."

Wata yarinya ta ɗaga hannu. Ramla ce, 'yar Alhaji Salihun da kansa.

"Yallaɓai, babu 'Allah ya jiƙansa' a wurin."

"Akwai mana."

"A dai duba, Yallaɓai."

Na duba littafin Malam. Babu. Bakina ne ya ƙara.

Malam ya juya ga aji. "Sau nawa Saje ya ambaci Garba?"

"Sha ɗaya!"

"Sau nawa ya yi mishi addu'a?"

"Ko ɗaya!"

"To, marubucin nan ya sa addu'ar a bakin Inna, da liman, har da mai tallan goro, amma ya hana Saje. Wane Bahaushe ne zai ambaci mamaci sau sha ɗaya bakinshi bai kuɓuce ba? Ko dai Saje ya san da ranshi ya baro Garba? Mu ne ke cika mishi da bakinmu in muna karatu. Shekara da shekaru muna rufa ma Saje asiri, ba ko na gode."

Kada a ce nan take na sallama. Cewa na yi nasa bugun aka taɓa. Na koma gida na zazzage akwati na fito da nawa, na aro wasu uku. Ummusalma, matata, ta same ni tsakiyar littattafai ta ce, "Saje, yau kuma wa ake yaƙa?" Duka huɗun babu addu'ar.

Da na duba takardun ɗalibansa na ga wani abin kuma. Wata ta rubuta cewa baƙin ciki ne ya ɗaure wa Saje harshe, ta saɓa wa Malam ƙiri-ƙiri, ya ba ta maki mafi yawa don ta kawo shafi da layi. Ashe bai taɓa ce musu Saje ƙarya ya yi ba. Cewa yake su tambaya.

Malam, kai ne ka koya wa 'ya'yanmu sauraron abin da mutum ya tsallake. Mai jan biro, dodon gwarzon takarda. Ramla ta ci jarrabawarta, yanzu shari'a take karantawa. Alhaji Salihu bai daina ƙara ba, sai dai ta sauya: wai ko labarin kasuwa ya ba ta, sai ta ce, "Baba, mi ka rage?"

Malamai masu tasowa, ga abin koyi. Littafin da kuka haddace, shi ya fi cancanta ku sake buɗewa. Mun gode, Malam. Allah ya saka, ya sa hutun ya yi albarka, ya ba babur ɗin nan haƙuri.

Na san da jan biro za ka karanta wannan, kana neman abin da na tsallake. Bari in rage maka aiki. Ranar nan, tun kafin in taka ajinka, rahoton cire ka yana aljihuna, a rubuce, da sa hannuna. Da na gama bincikena na dawo, a bayan ajin na yaga shi. Shekara shida ina gaishe ka a hanya ban faɗa ba, kuma wannan ba wanda zai cika mini da bakinsa. Ka yafe ni, Malam.