Baballe Mai Ƙarin Taki

Duk masu noman rani a Bunkure sun san hannun Baballe. Ya tsoma bututu a kanal, wato magudanar ruwan ban-ruwa, ya toshe bakinsa da tafi, ya fizga, sai ka ga ruwa ya ɓalle cikin tumatir. Da hannun nan yake ci. Iliminsa kuwa guda ne tak: duk abin da ya yi yaushi, a ƙara masa taki. Albasa, akuya, har jaririn maƙwabta sai da ya ba da wannan shawara a kansa.

Sai yatsunsa suka fara kumbura. Da asuba su sandare, ko buta ba ya iya riƙewa. Ya ce sanyin ruwan kanal ne, ya sha jiƙo har ya gaji. Matarsa Kulu ce ta tasa shi gaba zuwa asibiti a Kano.

Likita ta duba jininsa ta ce, "Baba, amosanin gaɓɓai ne. Sojojin jikinka, masu yaƙar cuta, su ne suka ruɗe suna cin gaɓɓanka. Wannan ƙwaya za ta lafar da su. Sau ɗaya a mako, kuma sai an yi haƙuri."

Baballe ya fito yana tsaki. "Kin ji fa, Kulu! A rage wa mutum sojoji? Wa ya taɓa gyara gona da rage mata ƙarfi?"

"Malam, ita dai ta karanta."

"Ni kuma na noma!"

Ranar kasuwa ya ji mai mota da lasifika yana tallan maganin ƙara ƙarfin jiki. To, ga mai hankali! Ya sayi jarka guda, ƙwayar likita kuwa ya cusa ta a buhun iri. Kumburi ya ƙaru, ya ƙara kofi guda a kan abin da yake sha daga jarkar. Wallahi taurin kan mutumin nan har haushi yake ba ni, ga shi kuma abin tausayi.

Da rani ya zagayo, yatsun sun karkace waje guda, tafin ya ƙi rufe bakin bututu. Suka koma asibiti. Likita ta juya hannun a hankali ta ce za a iya tsayar da ɓarnar, amma abin da aka riga aka cinye ba ya dawowa.

Da suka isa gida Kulu ta kawo tuwo, ta ajiye cokali a gefen kwanon, ta kau da kai. Ya daɗe yana kallon cokalin, sannan ya ɗauka.