Malam Lawali da Ya Tura Mu Wurin Kakanninmu

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina cikin dama wa yara koko da safen nan ƙanena ya bugo daga Gummi, wai Malam Lawali ya rasu.



Shi ya koya mana tarihi a sakandare. Lokacin ina jin kunyar asalin Innata, mutuniyar Zuru ce. In ta yi mini yarensu a kasuwa sai in yi kamar ban ji ba, don 'yan ajinmu na ce mini 'yar tsallake, wai ni baƙuwa ce.

Ran nan Malam ya ji da kunnensa. Bai daki kowa ba. Ya rufe littafi ya ce, "Kowace ta tahi gida ta tambayi kakanninta inda sunka hito. Litinin ina son amsa."

Litinin aji ya kaure da dariya. Wadda ta fi kowa tsokanata, ashe kakarta Bafillatana ce daga Gwashi. Wata kuma fatauci ya kawo kakanta daga Kabi.

Sai ya ce, "Ɗiyata, tashi ki koya muna gaisuwar su Innarki."

Na tashi na faɗa. Aji duka suka maimaita, har da shi, yana kwaɓawa ina gyara masa. Da na koma gida na ba Inna labari. Washegari ta ƙulla gyaɗa ta ce in kai masa.

Da ya yi ritaya sai ya shiga ƙauyukan Anka da Bukkuyum a kan babur, da 'yar rikodarsa, yana ɗaukar labarin tsofaffi, har hanya ta daina biyuwa saboda 'yan bindiga.

Ganinmu na ƙarshe da babbar sallah ne. Ya jawo kwalin kaset daga ƙarƙashin gado ya ce, "Masu maganar ga da yawa garuruwansu sun tashi. Ke da kinka iya kwamfuta, zo mu rubuce tun ina gane muryoyinsu."

Na ce sai an yi hutun makaranta, Malam.

Ya yi murmushi ya ce, "Allah shi kai mu."

Ga hutun saura sati biyu.

Ya Allah ka jiƙan Malam, ka haskaka kabarinsa, ka ba iyalinsa haƙuri. Wanda ya karanta, don Allah ya yi masa Ƙulhuwallahu ko da ƙafa uku ce.