Wanda Ya Amsa Min Sallama A Katin Sauti

Jama'a, wallahi tallahi wannan abin da ni ya faru, ba wani ya ba ni labari ba, kuma duk wanda zai ce ƙarya nake yi ya daɗe bai faɗa ba, don wana ma uwa ɗaya uba ɗaya ya riga shi kirana da abin da ya fi maƙaryaci.

A ƙarshen shekarun casa'in ne, ina aikin gyaran kwamfuta a wani ɗan shago wajen Gyallesu, ina kwana a gidanmu na gado a Kwarbai, cikin birnin Zariya. Mahaifinmu, wanda kowa ke kira Malam, malamin zaure ne, ya rasu tun ina sakandare, kuma mutum ne da ko hoto bai taɓa yarda an ɗauke shi ba. Abin da ya rage mana nasa a duniya kaset ne guda ɗaya tak, wani ɗalibinsa ya ɗauka yana ba da karatu. Mahaifiyarmu Inna, da idonta ya mutu, ba ta da abokin hira sai wannan kaset, kullum in an yi La'asar sai ta lalubo rikodarta ta kunna, ta jingina da bango, har ni da nake wucewa kawai na haddace shi, na san inda Malam zai yi tari, na san inda zai ce a miƙo masa ruwa.

To kaset fa ya tsufa. Zaren ya tsinke an liƙe da salatif ya fi a ƙirga, duk sanda aka kunna sai ya zubar da wani jan gari a cikin rikoda, muryar kuma kullum ƙara nisa take yi. Na kai wa masu kwafar kaset a kasuwa, mutumin ya ɗaga shi ya duba ya miƙo min abina, ya ce injinsu da gudu yake ja, yana sakawa zai yi kaca-kaca. Shi ne na ce to, ni zan shigar da muryar cikin kwamfuta a hankali, in wanke ta daga wannan shuuu ɗin, in mayar wa Inna a sabon kaset.

Kwamfutar tawa haɗe-haɗe ce, wannan ya yar in tsinta, wancan ya lalace in ciro. Wani mai kawo mana gyara da ya dawo daga karatu a waje ya ba ni faifan Linux, ya ce tsarin tafiyar da kwamfuta ne na kyauta kuma a buɗe yake, kana iya leƙa cikinsa ka karanta yadda aka rubuta komai, ka gyara da hannunka. Katin sauti kuwa, wato ɗan allon da ake sokawa a cikin kwamfuta don ta ji ta kuma yi magana, a Kano na samo shi cikin tarkace, ba suna ba takarda. Irin wannan kati ba ya aiki sai da direba, wani ɗan shiri da ke tafinta tsakaninsa da kwamfuta, nawa kuwa babu direban da ya san shi, sai na ɗauko na wani kati mai kama da shi na zauna ina yi masa kwaskwarima.

Kai, na sha wuya! Ka canza lamba ɗaya, ka sa kwamfuta ta sake gina tsarin tun daga tushe, ka zauna kana kallon rubutu yana gudu har ƙafarka ta yi sanyi, saura kaɗan a gama masu wuta su ɗauke abinsu, ka koma farko. A zauren Malam na ciki na kafa kayana, wanda yake rufe tun rasuwarsa, don katangarsa ta ƙasa ce mai kauri, ko luguden maƙwabta ba ka ji. Murfin kwamfutar ma na daina mayarwa saboda yawan zare kati da sokawa.

Ga kuma babban wanmu Yaya Mamuda, ma'aikacin sakatariya, wanda ya zama mai gida tun bayan Malam. Bawan Allahn nan bai taɓa wucewa ta zauren bai yar min da magana ba. "Injiniya, yau ma akwatin bai yi magana ba?" Sai ya yi dariyarsa ya shige. Kaset ɗin kuwa ko sau ɗaya bai taɓa tambayar halin da yake ciki ba.

Kun san yadda muke gwada makirfo a ƙasar nan, ko a masallaci ko a wajen taro, ba wanda yake tunani, baki ne kawai yake cewa salamu alaikum, salamu alaikum. To haka nake yi. In danna ɗauka, in yi sallama sau biyu, in yi maza in katse don faifan kwamfutar ƙarami ne ba na son ya cika, in kunna in ji shuuu, in ja tsaki in goge. Na yi makonni a haka, a yini ɗaya sai in yi sallama a ɗakin nan sau ba adadi.

Ranar da Allah ya nufa na gano layin da ke hana direban ganin katin, na gyara, na gwada, sai ga muryata tar a sifika. Washegari Inna za ta suna gidan ƙanwarta a Ƙofar Galadima, yini za ta yi, na ce ta ba ni aron kaset da rikoda. Ta daɗe tana shafa shi kafin ta miƙo.

"Auta, ka riƙe min shi da kyau," in ji ta. "Shi kaɗai ya rage min."

Bayan Azahar, rana tsaka, na zare makirfo daga jikin katin, na naɗe wayarsa na jefa aljihun rigata, ku riƙe wannan da kyau. Na jona waya daga rikoda zuwa kati, na yi bisimilla na danna. Fuska ɗaya ce kawai ta kaset ɗin ke da magana, ta tafi har ƙarshe ba ta tsinke ba, amma da na ciro kaset ɗin sai na ga jan garin nan duk ya kankare ya zube, zaren ya koma fari kamar leda. Kaset ya gama aikinsa. Muryar Malam yanzu ba ta ko'ina a duniya sai cikin wannan akwati.

Na kunna don in tabbatar ta shiga. Ga Malam nan yana jan baƙi yana fassarawa, har ya fi yadda yake fita a rikoda, ina zaune ina murmushi ni kaɗai. Aka zo wurin da yake tari. Ya yi tarin. Ina jira ya ce a miƙo masa ruwa, sai na ji ya yi gyaran murya, kuma muryar ta matso kusa, kamar ya juyo da fuskarsa wajena.

"Wa alaikumus salamu wa rahmatullah."

Na ce ko ɗalibi ne ya shigo a lokacin, ni ne ban taɓa lura ba. Sai ya ci gaba, da faɗan nan nasa da ba ya ɗaga murya.

"Auta, wane irin rashin ladabi ne wannan? Kullum ka zo ka yi ta sallama, kafin mutum ya buɗe baki ka katse. Haka na koya maka?"

Sannan ya ce, "Je ka kira min uwarku."

Daga nan ya ce a miƙo masa ruwa, karatu ya ci gaba kamar ba a yi komai ba.

Innalillahi! Wallahi na shafa aljihu, ga makirfo nan a naɗe. Ni Musulmi ne ɗan malami, na san wanda ya tafi ba ya dawowa, ban ce muku ga abin da na ji ba, na dai ce muku na ji. Na mayar baya na sake kunnawa, ana cikin maganar sai ga Yaya Mamuda ya dawo daga ofis, ya leƙo zai yi tsiyar da ya saba, sai ya tsaya cak. Ya saurara har ƙarshe, sai ya daka tsawa.

"A'uzu billahi! Shaiɗan ka kawo mana gida! Aljani ne yake kwaikwayon mahaifinmu, kashe shi!"

Na ce, "Yaya, na ji, ko ma mene ne. Wannan gutsuren zan iya yanke shi in yar yanzun nan, sauran karatun Malam ne da ka sani na sani. Dubi kaset ɗin, ya mutu. In wannan ya tafi, Inna ba ta da komai."

Na nuna masa zaren, na roƙe shi, har na haɗa shi da Allah. Ya sauke murya ya ce to shi ke nan, in je in sayo sabon kaset ɗin a yi a gama kafin ta dawo. Wa zai ce babban mutum mai iyali zai dubi idon ƙaninsa ya yaudare shi? Na hau keke na tafi.

Tun daga ƙofar gida na jiyo ƙauri. Na shiga na tarar zaure ya turnuƙe, Yaya Mamuda na tsaye da ƙwarya a hannu, ya jiƙa ganyen magarya ya yi tofi a ciki, ya sheƙa ruwan nan kaf a cikin kwamfuta tana kunne, ga ganye nan ya manne a jikin katin yana tururi. Kuma wai har da fara'arsa!

"Ka ga hayaƙin da ya fita? Ya ƙone, la'ananne."

Na ce, "Wuta ce ta haɗu da ruwa, Yaya! Ko rediyonka ka zuba wa haka zai yi hayaƙi! Muryar ubanka ka ƙone!"

Ban san sanda na ci kwalarsa ba, ni da ko ido ban taɓa haɗawa da shi ba. Addu'a ba ta yi min laifi ba, ai da ya tsaya a bakin ƙofa ya karanta duk abin da zai karanta, wa zai hana shi? Amma ya rasa inda zai zuba sai kan abu ɗaya da tsohuwa makauniya take jin daɗin duniya da shi, bayan na yi masa bayani da Hausa, ba da Turanci ba. Ya fizge rigarsa, ya ce boko ya cinye min imani, kuma duk wanda ya gaya wa Inna abin da aka ji a ɗakin nan bai yafe ba. Na zauna a ƙasa cikin ruwan ina kuka kamar yaro, sabon kaset na hannuna ko ledarsa ban ɓare ba.

Gab da Magariba aka rako Inna gida. Ba wanda ya je Ƙofar Galadima daga gidanmu a ranar, ba waya a gidanmu, ba waya a can. Ta tsaya a bakin zauren riƙe da sandarta, ta juyo da fuskarta daidai inda nake.

"Auta, an aike ka ka kira ni, ka ƙi zuwa. Tun La'asar nake zaune da mayafina ina jiranka."

Yaya Mamuda ya saki ƙwaryar ta fashe. Inna ta lalubo dakalin Malam ta zauna, ta gyara lulluɓinta, ta ce, "To ga ni. Kunna."

Me zan kunna?

Na kai faifan kwamfutar da muryar ke ciki Kaduna, na kai shi Kano, kowa ya duba ya ce ya ƙone. Direban da na gyara yana nan a wani ɗan faifai da na ajiye a shago, na bi shi layi-layi, abu ne a buɗe ba inda za a ɓoye komai, ban ga inda murya za ta shigo ba. Na sake haɗa wata kwamfutar, na nemo kati irin wancan, na koma zauren na yi sallama na zauna ina jira har faifai ya cika, ba abin da ya fito sai shuuu. Inna ba ta ƙara tambayata ba, kullum La'asar dai sai ta jawo rikodar nan ba komai a ciki ta ɗora hannu a kai. Ba ta kai azumin shekarar ba.

Yaya Mamuda yana nan da ransa, ya tsufa, har gobe yana ba jikokinsa labarin ranar da ya ƙone aljani a zauren Malam. Ina gaishe shi saboda zumunci, amma Allah ya sani duk sanda na tuna sai zuciyata ta tafasa kamar yau aka yi.

Ku da kuke da tsofaffi, ku ɗauki muryarsu tun suna nan, ku ajiye a wuri fiye da ɗaya, kada ku bar ta a ɗaki da mai tsoro. Ni dai tun daga ranar in zan gwada makirfo da yatsa nake ƙwanƙwasa shi. In kuwa bakinku ya suɓuce kuka yi sallama a ɗakin da ba kowa, to kada ku yi saurin katsewa, ku tsaya a amsa muku.