Ranar da Na Ce wa Baba Ruwa Ya Kai

Wata Laraba ce da hantsi, a bazarar da ta biyo bayan babbar yunwa, ina da shekara goma ko kusa da haka, na durƙusa a tsakiyar gonarmu ina tona ƙasa da hannu. Ƙauyenmu yana tsakanin Sule Tankarkar da Maigatari, ƙasar rairayi ce zalla. Da asubar ranar aka yi ruwan farko. Baba yana kwance a zaure, kurkunu ya kumbura masa ƙafa, shi ya sa ya aike ni in dubo masa ko ruwan ya isa shuka. Ƙa'idarsa ɗaya ce, in danshi bai kai taƙin babban mutum ba, ba a fitar da iri. Na tona wuri uku, gindin aduwa da tsakiya da bakin iyaka. Ko'ina yatsuna na nutsewa gaɓa biyu sai in taras da busasshen rairayi mai ɗumi.

Irin geron da muke da shi ƙwarya biyu ne kacal, cikin wani tulu da aka liƙe wa baki da laka, aka binne a ɗakin Inna. A shekarar yunwa mun ci anza, mun ci tafasa ba gishiri, mun tona gidajen tururuwa muna tsintar ƙwayar hatsi. Ƙanwata Talatu ta yi kuka har muryarta ta dishe, Baba bai buɗe tulun nan ba. In Inna ta yi magana sai ya ce, "Wannan ba abinci ba ne, na gona ne."

A hanyar komawa gida na iske mazan gari a gindin tsamiya, kowa da sungumi a kafaɗa. Yaran da muke langa tare sun riga sun ɗauko ƙoren iri a ka, suna tsalle a kududdufi. Sarkin Noma ya ce ruwa ya kai. Kawu Ilu, ƙanen babana, ya ce ya kai har ya wuce. Haka aka bi su ɗaya bayan ɗaya, mutum shida, baki ɗaya. Tsoho Gambo ne kaɗai ya ce shi ba zai shuka ba, aka kuwa yi masa dariya, wani ya ce ai Gambo ko kogi ya shigo masa ɗaki sai ya tona ya gani tukuna. Sai Kawu ya juyo gare ni. "Kai Habu, daga gona kake. Yaya ka gani?"

Na dubi yatsuna, na dubi fuskokinsu. Wallahi ban yi niyyar ƙarya ba. Raina ne ya ce mini ƙila wurin da na tona ne bai samu ba, in ba haka ba yaya za a yi hannun yaro ya fi na manya shida? Kuma ba na son a yi mini dariyar da aka yi wa Gambo. Na ce ya kai. Kafin in isa ƙofar gidanmu ni kaina na yarda ya kai ɗin.

Na shiga zaure na ce wa Baba ruwa ya kai. Ya tambaye ni, "Da hannunka ka tona?" Na ce da hannuna. Sai ya ce wa Inna ta fasa bakin tulun. Kawu ya yi mana sara, ni da Inna muna binsa muna zuba iri muna rufewa da diddige, Talatu tana bayanmu tana korar kurciyoyi. Kwana huɗu gero ya tsiro, gwanin kyau. Daga nan sama ta washe. Muka yi sama da kwana ashirin ba ko ɗigo, tsiron ya yi ja, ya murɗe, iska ta binne shi. Ran da ruwan gaske ya sauko, Gambo kaɗai ke da iri a garin. Ya rarraba wa mutane tafi ɗai-ɗai, namu bai rufe ko gindin aduwa ba.

Abin da ya fi ci mini rai a gindin tsamiyar nan na ji shi daga baya. Kawu ya ce shi ma ya ga busasshiyar ƙasa, amma tunda Sarkin Noma ya yi magana sai ya bi. Sarkin Noma kuma ya ce shi ma ya gani, amma da ya fito ya ga kowa da sungumi, sai ya zaci sun riga sun duba. Ashe kowa ya gani, kowa kuma ya yi shiru don ɗan'uwansa.

Daminar nan Baba ya ja ƙafarsa ya tafi ƙodago gonakin mutanen Gumel. Talatu aka ba wata gwaggonmu ta tafi da ita Damagaram, wai sai kaka ta dawo da ita. Ban sake ganinta ba. Baba bai taɓa tambayata abin da na gani a ramin nan ba, ni kuma ban taɓa faɗa masa ba har ya rasu, bayan shekara uku.

Yanzu jirgin ƙasa na tsayawa a Gagarawa Tasha, iri kuwa in ya ƙare sai a sayo a kasuwa, ba mai binne tulu a ɗaki. Amma har yau maƙwabci na fita da sungumi sai ka ga layi ya bi shi, ba wanda ya durƙusa. Ni nakan durƙusa, 'ya'yana suna ta dariya, suna cewa Baba ya fara tonon gyaɗar da bai shuka ba. Ba na kula su. Duk sanda na zura hannu a rairayi sai in ji Baba yana tambayata daga zaure. Hannuna bai ruɗe ni ba ran nan, ni na ƙi yarda da shi.